Tafin Da Na Sa Aka Yi Wa Nanami

Juma'ar da ta wuce, bayan mun sauko daga masallaci, muna zaune a ɗakin su Mubarak a unguwar Manfuha mun sa farantin kabsa a gaba, yaron nan ya faɗi wata magana da ta sa na tsame hannuna daga shinkafa. Mubarak ɗan ƙanwar wani abokina ne, bana ya gama jami'a a nan Riyad, kuma kansa yana ja, wannan ban hana shi ba. Wai zai ɗan riƙe koyarwa kafin ya samu aiki na gaske.

Na ce, "Maimaita min, kunnena ya fara tsufa."

Ya ce, "Kawu, ai ba wani abu ba ne. Turanci ne fa. Ka shiga aji, ka faɗa, su maimaita, halas."

Abokansa uku suka gyaɗa kai. Ɗaya har ya ƙara da cewa ai malami shi ne ya huta, hutu uku a shekara, ga sanyin na'ura. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin da 'yan kai ina shaƙar alli, ashe hutawa nake yi ban sani ba. Na ce su zuba min shayi, tunda sun tsokano ni sai sun ji ƙarshen maganar.

Kun san ni a nan, tsoho mai hawa jirgin metro daga Al-Shifa da jakar littattafai, yana zuwa koyar da 'ya'yan mutane a makarantar kuɗi, yana fama da mudir, shugaban makaranta, da sabunta iƙama, takardar izinin zama. To kafin Saudiyya na yi shekara huɗu a Japan. Kada ku fara hango fitilun Tokyo. Wani ɗan gari ne a tsakanin duwatsu, jirgin ƙasa mai tarago ɗaya ke leƙo shi, shago guda, gonakin shinkafa ta ko'ina, tsofaffi sun ninka yara. Ƙaro karatu ya kai ni ƙasar, da na gama sai wani kamfani mai raba malaman Turanci a ƙauyuka ya tura ni can. Kafin nan na yi shekara tara ina koyarwa a Funtuwa, aji mai yara tamanin, da muryata da bulalata. Da aka ce min ajin ƙarshe na ƙaramar sakandaren garin yara goma sha tara ne, dariya na yi. Na ce a raina, wannan ai ko ina barci na koyar da su. Ka ji ko, Mubarak? Ba kai ka fara ba.

Aikin ma da aka ba ni na mataimaki ne. Mai ajin ita ce Malama Morita, wata 'yar gajeriyar mata da ta kusa ritaya, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ranar farko ta tarbe ni a bakin ƙofa, ta dubi takalmina sau-ciki da na sha gogewa, ta ce ba a shiga da takalmin waje, ta miƙo min wasu silifas kore na baƙi, waɗanda rabin dugadugina ke waje. Da su na yi yini ina jan ƙafa a gaban yara. Washegari na sayo takalmin cikin makaranta, shi ne kayan aikina na farko. Sai keke, sai ɗan tawul na goge hannu, sai katunan hotuna masu maganaɗisu da ake mannawa a allo, sai jan biro. Bulala kuwa ko sunanta ban kuskura na ambata ba.

A satin nan na farko ne aka buga wata ƙararrawa bayan cin abincin rana, na ga ofishin malamai ya watse. Na ce to, kowa ya tafi sha'aninsa. Na haɗa shayi, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, kamar yadda malami ke yi. Can sai na ji ana taɓa ƙafar kujerata. Ina sunkuyawa na ga shugaban makaranta, dattijo mai furfura, ya durƙusa da tsumma a hannu, yana roƙona da ladabi in ɗan ɗaga ƙafata zai goge wurin. Innalillahi! Ashe lokacin shara ne, kuma a can babu mai shara, kowa ne mai shara. Ni da na saba hukunta makararru da tsintsiya, tun daga ranar aka ba ni matakalar bene, ni da yara uku, kullum minti goma sha biyar. Har yau in na ga matakala mai datti hannuna ƙaiƙayi yake yi.

Abincin rana ma a cikin aji ake ci, tare da yara. Su suke rabawa, sanye da fararen riguna, sai su jera teburansu huɗu-huɗu ko biyar-biyar su manne su, kowane rukuni ya zama teburi guda. Ni da nawa nake zuwa daga gida saboda naman alade, shinkafa da miyar da na haɗa da abin da na samu. Yara su yi ta leƙen kwanona. Wani ya taɓa roƙon in ɗan sam masa, ya lasa, ya sha madara kwali biyu yana hawaye.

Yanzu ga yadda Malama Morita ke koyarwa, ku saurara, don nan ne maganar take. Ba ta taɓa jefa wa yaro ɗaya tambaya haka kawai. Sai ta yi tambayar, ta ce kowa ya juya ya faɗa wa na kusa da shi. Aji ya ɗauki ƙus-ƙus, ita kuma tana zagayawa tsakanin tebura tana kasa kunne. In za a amsa da ƙarfi, rukuni ne ke amsawa tare. In yaro ya yi abin kirki, ba ta cewa komai. Sai da yamma ta zana masa wata 'yar fure da jan biro a gefen littafinsa, shi kaɗai zai gani in ya buɗe. Ni kuwa ina tsaye a gefe, sai an ce in karanta in karanta, sai an ce in maimaita in maimaita, kamar rediyo. Abin ya riƙa ci min rai. Na riƙa cewa matar nan tana da kirki, amma ba ta san yadda ake zaburar da yara ba. In babu na ɗaya, babu na ƙarshe, ta ina yaro zai yi zuciya?

A cikin sha taran nan akwai wata yarinya, Nanami, 'yar manoma, tana zama a layi na uku kusa da taga. Kullum da safe kafin ta taho takan saurari darasin Turanci a rediyo. In ina zagayawa lokacin ƙus-ƙus ɗin nan na zo kusa da ita, sai in ji Turanci tsaf, wanda ko a Funtuwa sai an tona kafin a samu irinsa. Malama Morita ta gaya min burin yarinyar. Akwai wata babbar sakandare a birni, tafiyar awa ɗaya da rabi a jirgi, mai sashen Turanci na musamman. Ba a shiga sai makarantarka ta tura sunanka, sannan ka zauna gaban malamai uku su yi maka tambayoyi da baki. A watan Disamba ake zama da iyaye a tsayar da makarantar da kowane yaro zai nema. Shekaru da yawa garin bai tura kowa sashen ba, kuma Malama Morita tana so ta tura yarinyar nan kafin ta ajiye aiki. Abin da ake bukata kawai shi ne Nanami ta ci gaba da buɗe baki har zuwa ranar.

To wata rana bayan girbin shinkafa, aka kira Malama Morita taro a ofishin ilimi na yankin. Ta bar min ajin ni kaɗai, karo na farko. Ta rubuta min komai a takarda, minti biyar kaza, minti bakwai kaza. Tana fita na ninke takardar na sa a aljihu. Na ce yau yaran nan za su ga malami.

Na tsaya a gaban allo na buɗe murya, na tambaye su me kowa ya yi a ranakun girbi. Shiru. Na nuna wani yaro, ya sunkuyar da kai yana kallon teburinsa. Na nuna wata, ta juya tana kallon ƙawarta. Na bi mutum shida, ko tari babu wanda ya yi. Sai na ce, "Nanami!"

Ta miƙe a hankali. Ta ɗan dubi hagu da dama, ina jin tausayina ta ji. Ta ce ta taya kakarta ɗaure dammunan shinkafa, bayanta ya yi ciwo, amma da yamma sun ci sabuwar shinkafa, kuma babu abin da ya kai ta daɗi. Jimla huɗu, babu gargada ko ɗaya.

Wallahi daɗi ya kashe ni. Shekara taran nan ta Funtuwa ta taso min gaba ɗaya. Na ce ta fito gaban aji. Ta tsaya tana kallona. Na ce fito mana! Ta fito. Na juya ta ta fuskanci 'yan'uwanta, na ce, "Ku dube ta da kyau. Wannan ita ce ɗaliba. Ku sauran me kuke yi? Ba aji ɗaya kuke ba? Ba malami ɗaya ke koya muku ba?" Sannan na koya musu tafin nan namu na makaranta, uku, uku, ɗaya. Na sa suka yi mata har sau uku, don na farko bai yi ƙarfi ba. Na zare birona mai kyau daga aljihu na ba ta. Ban tsaya nan ba, na ɗauki alli na rubuta sunanta a saman allo, na zagaye shi, na ce ita ce gwarzuwar mako. Na ga kunnuwanta sun yi ja, na ce kunya ce irin ta yaran kirki. Ranar a kan keke har waƙa na yi a hanyar gida.

Nan Mubarak ya katse ni. Ya ce, "To Kawu, ina laifi a nan? Ai ni ma an sha yi min."

Na ce, "Yawwa. An sha yi maka, shi ya sa kanka ya yi wannan girman. Ni ma tambayar da na yi ke nan."

Washegari da safe Malama Morita ta riga ni shiga ajin. Sunan yana nan a saman allo, masu sharar jiya ba su goge ba tunda malami ne ya rubuta. Ta goge shi da kanta. Ta dawo ofis ta haɗa min shayi, ta ajiye a gabana, ta ce, "Malam Haladu, na ji jiya ka yi aiki da ƙwazo sosai." In mutumin Japan ya fara maka da irin wannan, gyara zama.

Ta ce, "Yaran nan sha tara, tun suna shekara uku suke aji ɗaya. Babu wani aji da za a mayar da mutum. Iyayensu magudanar ruwa ɗaya suke rabawa a gona. Jiya ka gaya wa sha takwas cewa ba su kai ɗaya ba."

Na ce, "Ai don su yi zuciya ne."

Ta ce, "Kai ƙarfe huɗu kake hawa kekenka. Ita da su za ta ci abinci."

Na so in yi gardama, amma na ce bari in zuba ido. Ba wanda ya zagi Nanami, ba wanda ya taɓa ta. Da a ce duka ne ma, da na san yadda zan yi. Abin da na gani shi ne, in ta shigo aji sai ka ji wani ya ɗan tafa a ƙarƙashin teburi, uku, uku, ɗaya, a hankali, ka waiga ba ka san ko wane ne ba. Lokacin cin abinci kuma, da aka manne tebura, nata sai a bar 'yar tazara tsakaninsa da na sauran, ba ta fi faɗin yatsa ba. In ba ka sani ba ba za ka lura ba. Ita ta lura. Birona kuwa na tarar da shi a kan teburina, an naɗe shi a farar takarda da kyau.

Daga ranar Nanami ta rufe baki. Lokacin ƙus-ƙus in na zo kusa sai ta yi shiru. In rukuninsu na amsawa, leɓenta kawai ke motsi. Abin da ya fi damuna shi ne aikin gida. Yarinyar da ba ta kuskure, sai ga shi kowane shafi da kuskure biyu, ba ɗaya ba, ba uku ba, kuma a wuraren da na san ta fi ni sani. Da gangan take yi don makinta ya sauko ya daidaita da na mutane. Ina riƙe da jan biro ina zagaye kuskuren da na san na ƙarya ne. Ban taɓa jin kunyar aikina irin ta lokacin ba.

Na ce wa Malama Morita bari in tara ajin in yi musu faɗa, in ce duk wanda na sake ji ya tafa zai gamu da ni. Ta ce, "Ka sake fito da ita gaban aji ke nan." Na ce to bari in je gidansu in ba iyayenta haƙuri, haka muke yi a wurinmu, in ka yi wa mutum laifi ka taka har gida. Ta ce, "Garin nan baƙo ɗaya ne, kekensa ma kowa ya sani. Kafin ka cire takalmi an ji a ko'ina cewa malamin waje ya je gidan su Nanami." Na ce to in kira ta ofis mu yi magana. Ta ce yara za su ga ta shiga. Na ce, "Malama, to me zan yi?" Ta ce, "Ka koyar da sauran sha takwas."

Nan ne fa na fara koyon sana'ar da nake cewa na yi shekara tara ina yi. Na zaro takardun nan nata masu minti biyar kaza, minti bakwai kaza, na zauna na karance su kamar mai shirin jarrabawa. Na gane ashe kowane abu da dalilinsa. Na koyi yanka tambaya ƙanana-ƙanana yadda mafi rauni a aji zai iya ɗaukar guda. Akwai wani yaro da bai taɓa haɗa jimla ba, amma ya san sunan kowane kifi a kogin garin, sai na yanko hotunan kifaye na yi katuna da su, rukuninsu ya riƙa dogara da shi. Na koyi yabon rukuni maimakon mutum. Na koyi rage muryata, wanda ya fi komai ba ni wuya, kun dai san ni. Na koyi zana 'yar furen nan da jan biro. Tawa ta farko Malama Morita ta duba ta tambaye ni ko kabeji ne.

A hankali abin ya fara lafawa. Tafin ƙarƙashin teburi ya ragu, ya zo ya daina. Wajen ƙarshen Nuwamba na duba lokacin cin abinci na ga teburin Nanami ya manne da na sauran. Na ce alhamdulillahi, an wuce wurin. Amma bakin nan bai buɗe ba, kuma kuskure biyun nan suna nan a kowane shafi.

Disamba ta zo, aka yi zaman iyaye. Ni ba na shiga, mataimaki ne. Ina ofis ina jira, na ga Malama Morita ta dawo ta zauna ta cire tabarau tana goge shi, ta daɗe tana gogewa. Ta ce Nanami ta ce ita makarantar garin da ke kusa za ta nema, inda yawancin 'yan ajin za su. Uwar ta yi mamaki, ta ce ba haka suka yi da ita ba a da. Malama Morita ta tambayi yarinyar sau uku, ta hanyoyi uku. Amsa ɗaya ce: ba ta jin za ta iya magana a gaban mutane. Aka cike fom a kan haka.

Sai Janairu, dusar ƙanƙara har gwiwa. A kowane aji akwai wani ƙaton risho na kananzir da ake kunnawa don ɗumama ɗaki, yana tsaye a gaba kusa da allo. An roƙe ni in zo da kayan ƙasarmu in nuna wa yara, sai na ciro babbar rigata ta shadda, guda ɗaya tilo da na je da ita, ta sha aiki a wuya, na kafa hula. Na shiga aji ina taku ɗaiɗai. Yara suka yi ta "Ooo!" Kai, ranar na ji ni wani ne. Malama Morita tana can bayan aji tana manna hotuna a bango, ta ba mu baya.

Ina cikin bayani, ina nuna musu yadda ake naɗe hannun riga a kafaɗa, ina ja da baya don kowa ya gani, sai na ji aji ya kaure da ihu. Suna nuna ni suna faɗin wata kalma da Japananci, da sauri da sauri. Japanancina a lokacin na gaisuwa ne da sayen ƙwai. Na ɗauka rigar ce ta burge su. Na ƙara buɗe hannuwa, na ɗan juya musu, ina murmushi ina cewa na gode, na gode.

Sai na ji wata murya ta keta duk hayaniyar, da Turanci, tsaf: "Malam, ka matsa daga wurin rishon! Rigarka tana cin wuta ta baya!"

Nanami ce, a tsaye, ta dafa teburi da hannu biyu.

Ban san lokacin da na tuɓe rigar nan ba. Na yar da ita ƙasa ina tattakawa da takalmin cikin makaranta, hula ta yi nata wuri, wani yaro ya kwaso bokitin shara ya sheƙa mana ruwa ni da rigar gaba ɗaya. Shugaban makaranta ya shigo a guje ya tarar da ni tsaye cikin 'yar shara da dogon wandon sanyi, ina ɗigar ruwa. Ramin da ke bayan rigar kai zai shiga. Sai wani ya fashe da dariya, kowa ya kama, har Malama Morita ta juya bango kafaɗunta na rawa. Nanami ma tana dariya, ƙawarta ta rungume ta.

Bakina ya cika da magana. Wata uku ina jiran muryar nan. Na buɗe baki, sai muka haɗa ido da Malama Morita. Na haɗiye. Na rusuna wa ajin gaba ɗaya na ce na gode muku duka, kun ceci malaminku. Da yamma na zana fure a littafin kowa, sha tara cif.

Daga satin nan Nanami ta dawo magana. Ba da yawa ba, lokacin ƙus-ƙus ne kawai, amma in na zo wucewa ba ta yin shiru. Kuskure biyun nan ma suka ɓace. Na ruga wurin Malama Morita na ce, "Malama, ta dawo! A canza fom ɗin." Ta ce an tura sunaye, makarantar birni ta rufe karɓa tun makon jiya. Na ce a kira su a waya mana, a yi musu bayani, ba a rasa wanda aka sani a can ba. Ta ɗan yi murmushi ta ce a nan ba a yin haka. Na ce to baɗi fa? Ta ce ba a jira, kowa da 'yan shekararsa yake tafiya.

Shi ke nan fa. Babu wanda ya tuhume ni. Ba a rage min albashi ba, ba a rubuta min takarda ba, ƙarshen shekara ma aka sabunta min aiki aka ce yara suna sona. Malama Morita ta yi ritaya ba ta tura kowa sashen Turancin ba, kuma ba ta taɓa ce min kai ka jawo ba. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi. Na yi shekarun da albashi bai zo ba a Funtuwa, na yi shekarar da kafil, ubangidan da ya kawo ni aiki, ya riƙe min takardu a nan, amma in aka ce in nuna mummunar shekarata a aikin nan, waccan ce.

Ranar yaye su, a watan Maris, bayan an gama taro an fito harabar makaranta ana ɗaukar hotuna, uwar Nanami ta zo ta rusuna min har sau biyu, tana gode min da na kula da 'yarta. Na rasa inda zan sa fuskata. Da ta matsa, Nanami ta tsaya a gabana riƙe da takardar shaidarta. Ta duba ta ga ba mai kallonmu, sannan ta yi magana da Turancin nan nata, a hankali.

Ta ce, "Malam, a ƙasarku, in an fito da yaro gaban aji an tafa masa, abu ne mai kyau, ko?"

Na ce, "Mai kyau ne ƙwarai. Har gida yaro yake zuwa ya ba da labari."

Ta ce, "Na sani. Na gani a fuskarka ranar. Shi ya sa ban ji haushinka ba."

Na ce, "Ki yafe min, Nanami."

Ta ce, "Ba komai, Malam. Kawai dai ni a nan nake zaune."

Ta rusuna, wata ƙawarta ta kira ta, ta ruga ta shiga cikinsu za a ɗauki hoton aji. Duk kaya iri ɗaya, duk gashi iri ɗaya. Na tsaya ina duba layin daga wannan gefe zuwa wancan, har mai hoto ya gama ban gano wacce ce ita ba.